Harshe a Bakin 'Yan Siyasa: Nazarin Muhawarar Harshen Ƙasa ta 1961

1.0 Gabatarwa

Kalmar harshe a Hausa tana da ma'ana biyu. Akwai tsokar nan ta cikin baki wadda ake sarrafa magana da ita, akwai kuma yaren da al'umma ta gada take magana da shi. Duk lokacin da 'yan siyasa suka tashi yin muhawara a kan harshen ƙasa, ma'anonin nan biyu sukan haɗu wuri guda, domin da harshen baki ake yanke wa harshen al'umma hukunci. Saboda haka bai wadatar a tsaya ga tambayar wane harshe ne ya cancanta ba. Wajibi ne a duba yadda aka yi maganar, da wanda ya yi ta, da kuma kunnen da ta faɗa.

A wannan takarda zan ɗauki muhawarar da aka yi a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Legas ranar 21 ga Nuwamba, 1961, in auna ta a matsayin aikin fasahar magana. Zan duba ƙudurin Malam Albatan Yerima Balla da martanin Cif Anthony Enahoro, sa'annan in gwada su da jawaban shugabanni biyu na wasu ƙasashe waɗanda tarihi ya riga ya nuna sakamakonsu. Abin da nake so in tabbatar shi ne, a irin wannan muhawara mai dogaro da yawan jama'a yakan sha kaye a hannun wanda ya taɓo tsoron masu sauraro, kuma har yanzu masu kishin Hausa ba su yi jawabin da zai kwantar da wannan tsoro ba.

2.0 Fagen da Aka Yi Muhawarar

Ba a auna jawabi sai an san filin da aka yi shi. A lokacin Nijeriya ba ta daɗe da cika shekara guda da samun mulkin kai ba. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, daga ciki Jihar Arewa ta wancan zamani tana da 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas kuma 3. Ke nan Arewa ita kaɗai ta fi sauran ƙasar yawan wakilai. Tsarin mulki kuma ya tanadi cewa da Turanci za a gudanar da harkokin majalisar.

Ga wakilin da ya fito daga Arewa, aiki da harshen gida a harkar mulki ba baƙon abu ba ne. A majalisar Kaduna ana amfani da Hausa tare da Turanci. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, an kafa hukumar kula da harshen Hausa a 1955, shirin Yaƙi da Jahilci ya koya wa manya da yawa karatun boko da Hausa, BBC kuma ta buɗe sashen Hausa a 1957. Jam'iyyun NPC da NEPU da Hausa suke neman ƙuri'a a dandali. Wanda ya tashi cikin wannan yanayi zai ga cewa ɗaukar harshen gida ya zama na ƙasa mataki ne kawai da ya rage.

Amma akwai wani ɓangare na filin. A 1957 Turawa sun naɗa kwamitin Willink domin ya binciki tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi na danniyar manyan ƙabilun nan uku. Rahotonsa na 1958 bai amince a ƙirƙiri sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a sa haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Tsoron bai tafi ba. A 1960 an yi tarzoma a ƙasar Tibi, a Yamma kuma mutanen Bini da maƙwabtansu suna ta fafitikar neman jiharsu, wadda suka samu a 1963. Cikin wannan zaure, mai cike da zargin juna, aka kawo maganar harshe.

3.0 Ƙudurin Yerima Balla

Malam Yerima Balla wakilin Adamawa ta Arewa maso Yamma ne, ɗan jam'iyyar NEPU, kuma mutumin ƙasar Kilba. Ƙudurinsa ya nemi gwamnatin tarayya ta yi shawara da gwamnatocin jihohi, a shigar da koyar da Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna cikin makarantun ƙasar nan, da nufin a ɗauki ɗaya daga cikinsu ya zama harshen hukuma cikin shekara ashirin.

Idan aka dubi tsarin ƙudurin za a ga an yi shi da hankali. Bai ambaci harshe guda ba. Ya fara da makaranta kafin ya kai ga doka, ya ba da wa'adi mai tsawo, ya kuma sa jihohi cikin shawara. Hujjojin da masu wannan ra'ayi suke kafawa a wancan zamani su ma masu nauyi ne: mulkin kai bai cika ba matuƙar ana mulki da harshen wanda aka kora, talakan da bai je makaranta ba ba ya jin abin da wakilinsa yake faɗa, kuma ƙasa tana bukatar abin da zai ɗaure ta wuri guda.

A ganina raunin ƙudurin yana cikin kalmomin nan na ɗaukar ɗaya daga ciki. An bar gurbi ba a cike ba, kowa kuwa ya san wanda zai cike shi. A majalisar da Arewa take da kujeru 174, duk zaɓen da za a yi da ɗaga hannu Hausa zai bai wa nasara. Don haka ɓoye sunan bai kwantar wa kowa da hankali ba, sai ma ya sa aka ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Hujjar yawan masu jin Hausa, wadda magoya baya suke gani ita ce takobinsu, ita ce ta fi firgita ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da aka ce Hausa ta fi yawan jama'a, abin da wakilin Bini ko na Kalaba yake ji shi ne: mun fi ku yawa a ƙuri'a, yanzu kuma za mu fi ku a jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Akwai kuma makamin da yake hannun wannan ɓangare wanda bai zama ginshiƙin muhawarar ba. Mai ƙudurin kansa ɗan ƙaramar ƙabila ne. Shi ne ya fi kowa dacewa ya nuna yadda mutum zai riƙe harshen iyayensa a gida, ya yi hulɗa da wani harshen a kasuwa da majalisa, ba tare da ya ɓace ba. Abin da tarihi ya riƙe daga wannan rana dai muryar wani ɗan ƙaramar ƙabilar ce daban. Bugu da ƙari, da Turanci aka nemi a sauke Turanci, a gaban mutanen da Turancin ne ya kai su kujerunsu. Wannan kaɗai ya rage wa maganar kaifi.

4.0 Martanin Enahoro

Cif Anthony Enahoro mutumin Uromi ne a ƙasar Esan, ɗan jam'iyyar Action Group, tsohon ɗan jarida wanda ya zama editan jarida yana da shekara 21. Shi ne ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1953, wanda Sardauna ya nemi a yi wa gyara, rikicin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na shekarar. Ya san majalisa, ya kuma san inda magana take kama mutum.

Taƙaitaccen abin da ya faɗa shi ne, a matsayinsa na ɗan ƙaramar ƙabila yana takaicin yadda wasu suke son ɗora al'adunsu da harsunansu da tsarin rayuwarsu a kan ƙananan ƙabilu. Ya ce mutanensa suna da harshen da suka gada shekara dubu, kuma lokacin da daular Bini take musayar jakadu da Fotugal, da yawa daga harsunan Nijeriya na yau babu su. Ya tambaya ta yaya za a ɗora musu wani harshe don kawai Ingilishi sun haɗa su ƙasa ɗaya.

Na ga dabaru huɗu a cikin wannan ɗan jawabi. Na farko, ya fara da gabatar da kansa a matsayin mai rauni, alhali yana cikin manyan 'yan siyasar ƙasar, sai tausayin mai sauraro ya koma gare shi. Na biyu, ya sauya batun. Ƙudurin yana maganar koyarwa a makaranta, shi kuwa ya mai da shi maganar ɗora al'ada da tsarin rayuwa, wato addini da sarauta da sutura duk sun shigo ba tare da an ambace su ba. Na uku, ya amsa yawa da daɗewa: idan kun fi mu kawuna, mun fi ku tarihi. Na huɗu, kuma shi ne mafi gwaninta, ya ƙwace takobin abokan muhawararsa. Su sun zo da ƙin mulkin mallaka a matsayin hujja, shi kuma ya nuna cewa haɗuwar ƙasar ma aikin mulkin mallaka ce, don haka mai son ya yi amfani da ita ya ɗora harshensa magajin Bature ne.

Idan aka ajiye daɗin maganar aka dubi gaskiyarta, akwai gyara. Gaskiya ne Turawan Fotugal sun isa Bini a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Oba ya aika da jakada zuwa ƙasarsu. Amma a daidai wannan lokaci Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, Shehu Magili kuma ya zo ya rubuta masa littafi a kan mulki. Da Hausa ake ciniki a wannan kasuwa. Yarbanci da Ibo su ma ba jiya aka fara su ba. Saboda haka batun sababbin harsuna ba shi da tushe. Haka kuma ɗaukakar Bini da ya jingina da ita ɗaukakar daula ce wadda ita ma ta mallaki ƙananan maƙwabtanta. Babban giɓin kuwa shi ne jawabin bai kawo mafita ba. Ya kare Esan daga Hausa, ya bar ta a hannun Turanci, harshen da mafi yawan mutanen Uromi na lokacin ba sa ji.

Duk da haka jawabin ya yi tasiri, har yau shi masu nazarin harsuna suke yawan kawowa idan ana maganar wannan muhawara. Dalili kuwa shi ne tsoron da ya taɓo gaskiya ne ko da tarihin da ya kawo ya karkace. Mu a Arewa mun fi kowa sanin haka. Masana sun rubuta cewa harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa, kuma akwai garuruwa da dama a Bauci da Filato da kudancin Kaduna inda jikoki ba sa jin yaren kakanninsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai yi wa irin waɗannan mutane maganar harshen ƙasa bai fara da wannan ba, ya yi magana da iska.

5.0 Ma'auni Daga Waje

Don a gane cewa wannan ba halin Nijeriya kaɗai ba ne, yana da kyau a gwada da ƙasashe biyu da su ma suka fita daga hannun Ingila suka fuskanci wannan tambaya.

Ranar 21 ga Maris, 1948, Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, ya yi jawabi ga babban taro a birnin Daka, a gabashin ƙasar. Ya ce lardin yana iya zaɓar harshen da zai yi aiki da shi, amma harshen ƙasa Urdu ne, babu wani, kuma duk mai son ya ruɗe su a kan haka maƙiyin Pakistan ne. Masu sauraronsa Bangali suke ji, kuma su ne fiye da rabin jama'ar ƙasar. Da Turanci ya yi musu wannan magana. Bayan kwana uku ya maimaita ta a jami'ar Daka, ɗalibai suka yi masa ihun ƙin yarda. Babu wanda ya kai shi kwarjini a ƙasar, amma kwarjinin bai sa maganar ta shiga ba, domin ya mai da mai tsoro maci amana. Ranar 21 ga Fabrairu, 1952, 'yan sanda suka harbe masu zanga-zangar harshe a Daka. Tsarin mulkin 1956 ya amince da Bangali tare da Urdu, amma rauni ya riga ya yi zurfi, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga ɓallewar Bangaladash a 1971. Saboda tunawa da waɗanda aka kashe ne UNESCO ta keɓe 21 ga Fabrairu a matsayin ranar harshen uwa a 1999. Magana zarar bunu ce.

Julius Nyerere na Tanganyika ya bi wata hanyar. Mutanensa suna kiransa Mwalimu, kalmar da tushenta ɗaya da malam. Tun da aka kafa jam'iyyar TANU a 1954 yake zagaya ƙasar yana yi wa jama'a magana da Suwahili, ranar 10 ga Disamba, 1962 kuma ya yi wa majalisa jawabinsa na shugaban ƙasa da shi. Ya fassara wasan Julius Caesar na Shakespeare zuwa Suwahili domin a ga harshen zai iya ɗaukar kaya mai nauyi. Maimakon ya tsaya yana jayayya cewa harshen ya isa, sai ya yi aiki da shi a gaban kowa, gani kuwa ya kori ji. Sai dai kada a ba baki duk ladan. Nyerere ɗan ƙaramar ƙabilar Zanaki ne, a ƙasa mai ƙabilu fiye da 120, kuma Suwahili ba harshen wata babbar ƙabila mai rinjaye a siyasa ba ne. Babu wanda zai zarge shi da ja wa gidansu. Duk da wannan nasara, Turanci ya ci gaba da zama harshen koyarwa a makarantun sakandare na Tanzaniya.

Darasin da na ɗauka daga misalan nan shi ne, Jinnah yana da iko bai kula da tsoro ba, Nyerere kuwa ya sami filin da tsoro ya yi ƙaranci ya yi amfani da shi. Masu son Hausa a 1961 filinsu ya fi kama da na Jinnah, don haka aikin da ke gabansu ya fi na Nyerere wuya.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta zaɓi harshen ƙasa ba har juyin mulkin Janairun 1966. Maganar ta sake tasowa a shekarun 1970. A bikin FESTAC na 1977 Wole Soyinka ya ba da shawarar Afirka ta ɗauki Suwahili, wasu kuma suka riƙa maganar Wazobia, sunan da aka haɗa daga kalmar zo a harsunan nan uku. Duka biyun alama ce ta yadda ake gudun a kira sunan harshe guda na cikin gida.

Majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, ta tashi ta bar Turanci shi kaɗai. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta yi gyara a 1978, tana cewa bai dace a dawwamar da Turanci shi kaɗai a majalisar ƙasa ba. Haka aka sami sashe na 51 na tsarin mulkin 1979, wanda ya ce za a yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan magana ita ce sashe na 55 a tsarin mulkin 1999. Wa'adin Yerima Balla ya cika a 1981, an ƙara fiye da shekara arba'in a kai, Majalisar Tarayya tana nan da Turancinta. Abin da baki bai shawo kan mutane a kai ba, alƙalamin soja ya rubuta shi amma bai iya tayar da shi ba. Inda aka ga motsi shi ne a jihohi, waɗanda sashe na 97 ya ba damar ƙara harshen gida, kamar majalisar Legas da take zaman ranar Alhamis da Yarbanci. A can babu tsoron maƙwabci sosai.

Malaman makaranta sun ga irin wannan kwan-gaba-kwan-baya da idonsu. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma aka soke tsarin aka koma Turanci. A maƙwabciyarmu Nijar, kundin da gwamnatin soja ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Doka ta fito, amma aikin gamsar da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani cewa ba a rage musu komai ba aikin baki ne, kuma shi zai nuna ko dokar za ta zauna.

7.0 Kammalawa

Hukuncina a kan muhawarar 1961 shi ne, Yerima Balla ya fi gaskiyar manufa, Enahoro ya fi sanin masu sauraro. Na farko ya kawo tsari mai kyau ya bar tambayar da ta fi damun jama'a ba amsa. Na biyu ya kawo tarihi mai rauni amma ya faɗi abin da ke zukatan mutane da yawa, har da wasu 'yan Arewa.

Abin lura shi ne Hausa ta yi nisa ba da taimakon majalisa ba. Fatake da kasuwa da barikin soja da rediyo da finafinan Kano su suka kai ta inda ta kai, kuma mutane sun karɓe ta ne saboda babu wanda ya tilasta musu. Da zarar ɗan siyasa ya hau dandali ya ce a mai da ita dole, sai wanda yake ciniki da ita kullum ya tuna cewa yana da nasa yaren.

Saboda haka jawabin da ya rage a yi shi ne wanda zai fara da faɗin tsoron ɗan ƙaramar ƙabila fiye da yadda shi kansa zai faɗe shi, ya bayyana abin da za a yi wa yarensa a makaranta da gidan rediyo, ya faɗi yadda za a hana ɗan Bahaushe samun fifiko a jarrabawa da ɗaukar aiki, ya kuma yarda cewa Bahaushe ma zai zauna ya koyi harshen wani. Ina ba malamai shawara su gwada wannan a muhawarar ɗalibai: a ba yaro Bahaushe matsayin Enahoro ya kare, a ba ɗan wata ƙabila matsayin Yerima Balla, kuma kada a ba kowa maki sai ya fara faɗin hujjar abokin karawarsa yadda abokin zai yarda cewa an faɗe ta daidai.